Umarnin laravel new: yadda na same shi bayan na gina wa wani shagon taki manhaja

Wani Alhaji mai sayar da taki da irin shuka a Sabon Garin Zariya ne ya sa na zauna na gwada wannan umarni da gaske, wato laravel new, mai zuba fandishon sabuwar manhajar intanet. Shekara da shekaru yana rubuta bashin manoma a manyan littattafai masu kaurin bango, kowane yanki da nasa: na Giwa daban, na Soba daban, Hunkuyi da Kudan a littafi guda. Da damina ta faɗi sai a ɗebi kamfa da yuriya bashi, a biya da kaka in an sayar da masara. Ranar da na je shagon, yaransa biyu sun fi minti ashirin suna neman sunan mutum ɗaya, shi kuwa mutumin yana tsaye da kuɗinsa a hannu, ɗan acaɓa na jiransa a waje. Alhaji ya dube ni ya ce, "Injiniya, abin da nake so kawai, in na faɗi sunan mutum in ga abin da ake binsa. Kada ka kawo mini abin da sai na koma makaranta." Na ce, "In sha Allahu, Alhaji, ba ni sati uku."

Ina da ɗan shago a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar jami'a, inda nake yi wa makarantu da 'yan kasuwa ƙananan manhajojin intanet. Da PHP na hannu na fara, wato rubuta manhaja da harshen PHP tun daga tushe, wanda kowane sabon aiki sai ka sake rubuta shafin shiga, ka sake tsara yadda za a ɓoye kalmar sirri, ka sake ɗaura rumbun bayanai, ko kuma ka kwafo foldar tsohon aiki kana goge sunan wancan kwastoman kana sa na wannan. Kwana biyu ko uku na farko duk a nan suke tafiya, kuma ba ka da abin da za ka nuna wa mai aiki. Abin da ya fi damuna ma shi ne duk ɓarakar da ke cikin tsohon aikin tana biyo ni cikin sabon. Na taɓa miƙa wa wata makaranta aiki da sunan kantin magani a ƙasan rasit, don wuri ɗaya ya kuɓuce mini ban goge ba, kuma har yau in na tuna abin yana ba ni kunya.

Laravel kansa, wanda tsari ne na gina manhajojin intanet, ba baƙo ba ne ga masu wannan sana'a. Wani Ba'amurke mai suna Taylor Otwell ya fitar da shi a 2011, kyauta ne, kuma da PHP aka gina shi. Abin da nake magana a kai a nan shi ne ɗan umarnin da ke zuba fandishon sabon aiki, wato laravel new. Ana saukar da shi sau ɗaya ta Composer, manhajar da ke sauko da kayan PHP, da rubuta composer global require laravel/installer. Aikin Alhaji na yi shi da Laravel 12, wanda ya fito a Fabrairun 2025, kuma sai kana da PHP 8.2 ko sama da haka zai yarda ya hau.

Kafin ka kai ga daɗinsa akwai 'yar gargada. A tawa kwamfutar Ubuntu ce, kuma da na gama saukewa na rubuta laravel, sai taminal, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya ce bai san wannan umarni ba. Dalili kuwa foldar da Composer ke ajiye irin waɗannan umarnai ba ta cikin hanyoyin da kwamfuta ke dubawa, sai na ƙara ta da hannu. Ɗalibar da ke koyon aiki a wurina tana da Windows da XAMPP, kunshin da ke girka PHP da rumbun bayanai a kwamfuta, ita kuma nata ya tsaya ne a kan zip, ɓangaren PHP mai buɗe matsattsun fayiloli. Muka buɗe php.ini, fayil ɗin saitin PHP, muka tarar da layin extension=zip da 'yar alamar nan ta waƙafi mai ɗigo a gabansa, wadda ke nufin a kashe yake. Goge wannan alama ɗaya tak ya warware abin da ya cinye mata yammaci guda. Duk mai tsohuwar XAMPP da ke ɗauke da PHP 7 kuwa, gara ya sabunta tun kafin ya fara, don ba zai wuce ƙofa ba.

Bayan sallar isha'i na fara na Alhaji, an ɗauke wuta tun la'asar, laftof na kan inbata, waya na gefe tana ba ta data. Na rubuta laravel new shagon-taki na danna. Sai ya fara yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina zaɓa da maɓallan kibiya. Ta farko, wane kunshin farawa nake so, wato shafukan shiga da rajista da aka riga aka gina: babu komai, ko React, ko Vue, ko Livewire. Na ɗauki Livewire. Ya tambayi wanda zai kula da shiga da fita, tsarin Laravel na cikin gida ko WorkOS, wani kamfani na waje. Ban ko tsaya tunani ba na ɗauki na gida, don ba na son mabuɗin shagon Alhaji ya kasance a hannun wanda ba zan iya zuwa in ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Ya tambayi abin gwajin kod, Pest ko PHPUnit, na ɗauki Pest. Daga nan ya kama saukar da kaya, sunaye na ta gudu a allo, a ƙarshe ya tambaya ko ya yi npm install da npm run build da kansa, wato ya sauko da kayan adon shafuka ya haɗa su, na ce eh. Tambayoyin kan ɗan sauya daga fitowa zuwa fitowa, amma haka suke a lokacin da na yi.

Kafin shayin da na haɗa ya huce ya gama. Na shiga foldar, na rubuta composer run dev, na buɗe burauza a localhost:8000. Ga shafin maraba, ga wurin rajista, ga wurin shiga. Na yi rajista, ya kai ni allon ciki mai jerin zaɓi a gefe, da shafin gyara suna, da na canza kalmar sirri, da zaɓin allo fari ko baƙi. Na rage faɗin burauzar zuwa girman waya, komai ya shirya kansa. Na buɗe rumbun bayanai na duba kalmar sirrin da na sa, na tarar an murɗe ta yadda ba mai iya karantawa. Abin da a da yake cin kwana uku, kuma ban taɓa yinsa da kyau haka ba, ga shi a gabana tun dare bai raba ba. Gaskiya na daɗe ina kallon allon.

Umarnin nan na composer run dev ma ya cancanci yabo. A da sai na buɗe taminal uku, ɗaya na sabar, ɗaya na layin ayyukan da ke jira, ɗaya na Vite mai haɗa CSS da JavaScript. Yanzu umarni ɗaya ke tayar da su duka, kowane da launin rubutunsa, kuma da na canza wani abu a shafi na adana, burauza za ta sabunta kanta.

Dalilina na ɗaukar Livewire ba wai don React ba shi da kyau ba ne. Kunshin React ɗin yana zuwa da Inertia da TypeScript da Tailwind, kuma ga wanda hannunsa ya faɗa a kansu aiki ne mai tsafta. Amma ni kaɗai ne a shagona sai mai koyo ɗaya, kuma in Alhaji ya kira ni bayan shekara biyu ya ce wani abu ya lalace, ina so in buɗe in tarar da harshe ɗaya, ba in riƙa tsalle tsakanin biyu ba. Da Livewire, wanda Caleb Porzio ya ƙirƙiro, PHP kake rubutawa daga gaba har baya. Akwatin neman suna, wanda shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, bai kai mini layi talatin ba. Abu ɗaya da ya kamata a sani: kayan adon da kunshin ke amfani da su, Flux, wasunsu kyauta ne, wasu sai an biya. Na kyautar sun ishe ni, teburin jerin masu bashi kuwa da hannu na tsara shi da Tailwind.

Bai tambaye ni rumbun bayanai ba, da kansa ya sa SQLite, wadda ta zama zaɓin farko tun Laravel 11 a 2024. Da farko na ɗan ɓata rai, don da MySQL na saba. Daga baya na gane alherin abin. Duk rumbun fayil ɗaya ne, database.sqlite, ba sabar da za ka tayar, ba sunan mai amfani, ba kalmar sirri. Ga mai aiki a inda wuta ke tafiya ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sha ganin MySQL na XAMPP ya ƙi tashi bayan kwamfuta ta mutu farat ɗaya. Da SQLite nakan kwafi fayil ɗin a filas in zan tashi, shi ke nan.

Washegari na rubuta php artisan make:model sau uku, na manomi, na kaya, na bashi, kowane da fayil ɗin tsara teburinsa. Kuɗi na ajiye su a kwabo, cikakkiyar lamba, don kada lissafin ɗigo ya riƙa cin 'yan canji. A rana ta uku na ɗauki laftof na hau Keke zuwa Sabon Gari. Na ce wa babban yaron shagon ya karanto mini suna goma daga littafin Giwa, na shigar, sannan na juya wa Alhaji allon na ce ya faɗi wanda ya ga dama. Ya faɗa, na buga harafi uku, sunan ya fito da buhu nawa da ranar da aka ɗauka. Ya gyara zaman gilashinsa ya ce, "To, madalla. Sake wani."

A nan kuma aka fara ganin inda fandishon bai san ƙasarmu ba. Shi Alhaji ne ma ya fara kamawa. Na shigar da biyan kuɗi na gwaji, ya karanta allon ya ce, "Injiniya, agogon abin nan naka ba daidai yake ba. Yanzu muka idar da la'asar, ya ce ƙarfe uku da 'yan mintuna." Ya yi gaskiya. Sabon aiki yana zuwa ne a kan agogon UTC, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya. Layi ɗaya ne a config/app.php, ka cire UTC ka sa Africa/Lagos. Gyaran ba wuya, amma umarnin da ya tambaye ni abin gwajin da nake so bai tambaye ni inda nake a duniya ba, kuma a ganina tambayar nan ta fi waccan amfani ga mai shago. In ba ka lura da wuri ba, cinikin da aka rubuta tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗayan dare zai faɗa lissafin jiya.

Na biyu ya fi wannan girma: imel. Duk tsarin shigar an gina shi ne a kan cewa kowa yana da adireshin imel kuma yana buɗe shi. Yaran shagon su huɗu ne. Biyu suna da imel ɗin da mai gyaran waya ya buɗe musu ranar da suka sayi waya, kuma ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Lambar waya kuwa kowa ya haddace tasa. Sai da na ƙara gurbin lambar waya a teburin masu amfani, na canza shafin shiga, na canza ƙa'idar tantancewa, na rufe shafin rajista gaba ɗaya don kada wani daga waje ya buɗe wa kansa asusu, na kuma cire wurin "na manta kalmar sirri" na mayar da shi hannun Alhaji, shi zai sake wa yaro sabuwa. Wannan ya ci mini yini guda. Amma ga abin da ya sa ban yi fushi ba: duk kod ɗin yana cikin foldata, a buɗe, nawa ne. Babu abin da aka kulle. Kuma gwaje-gwajen Pest da suka zo tare da kunshin sun taimaka, don da na canza shiga zuwa lambar waya na rubuta php artisan test, suka yi ja a daidai wuraren da na taɓa, na bi su ɗaya bayan ɗaya har suka koma kore.

Ɗalibata ta ɓata lokaci tana jiran saƙon canza kalmar sirri a imel ɗinta, a nata aikin na gwaji. Ta ce, "Malam, na danna sau biyar bai zo ba." Ba zai zo ba, don sabon aiki ba ya aika wasiƙa waje, yana rubuta ta ne a storage/logs/laravel.log har sai ka saita mai aika wasiƙa na gaske a fayil ɗin .env, inda saitin aikin yake. Tsari ne mai hikima, amma allon ba ya faɗa maka.

Harshe kuma, da Ingilishi komai yake zuwa. Abin da ya yi mini daɗi a kunshin Livewire shi ne rubutun shafukan an riga an naɗe su cikin alamar fassara, don haka na buɗe fayil ɗaya, lang/ha.json, na zauna ina mayar da su Hausa, na canza APP_LOCALE zuwa ha. Saƙonnin kuskure kuma sai da na fito da su da php artisan lang:publish kafin na fassara. Na fi awa ɗaya ina neman yadda zan kira allon farko, a ƙarshe ƙaramin yaron shagon ne ya ce a sa masa "Gaban shago", kuma haka ya zauna.

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa, wadda ban taɓa jin wani ya ja kunne a kanta ba. Sunaye irin su Ɗanladi da Ɗanjuma sun cika littattafan nan. Haruffan suna shiga rumbu lafiya, suna fita lafiya. Amma da yaro ya buga ɗan da ƙaramin harafi a akwatin nema, ba abin da ya fito, alhali in ya buga musa da ƙaramin harafi sai duk masu suna Musa su jeru. Dalilin shi ne binciken LIKE na SQLite haruffan Ingilishi kaɗai yake ɗauka babba da ƙarami ɗaya ne, Ɗ da ɗ kuwa abu biyu ne daban a wurinsa, haka Ƙ da ƙ, haka Ɓ da ɓ. Ga kuma cewa yawancin mutane ba sa sa lanƙwasar ma in suna rubutu a waya. Maganin da na yi shi ne ƙara wani gurbi a ɓoye da ke ajiye sunan da ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, a nan ake nema, amma abin da ke fitowa a allo da rasit sunan ne da rubutunsa na daidai. Ina ganin duk mai yi wa Hausawa manhaja ya kamata ya yi wannan tun ranar farko.

Data ma abin lissafi ne. Tsakanin foldar vendor da node_modules, inda kayan da aka sauke suke zama, a tawa kwamfutar sun haura megabait ɗari biyu, kuma in layi ya yanke ana tsakiyar saukewa sai ka tarar da aiki rabi da rabi. Ya faru da ni sau ɗaya da hadari ya taso, na goge foldar na sake daga farko. Sauƙin abin shi ne Composer da npm suna ajiye abin da suka taɓa saukewa, don haka aiki na biyu bai ci ko kusa da na farko ba. Haka kuma salon rubutun shafukan daga intanet ake jawo shi, in ba data sai kamannin su ɗan canza. Na cire wannan na bar wanda ke cikin wayar kowa.

Wurin da na fi shan wuya shi ne ɗora aikin a intanet, kuma nan umarnin ba ruwansa, ya gama nasa tun a gida. Kamar yawancin kwastomomina, Alhaji ba zai biya kuɗin sabar ta kansa ba, hostin na haɗaka muka saya, inda shafukan mutane da yawa ke raba sabar ɗaya, irin mai cPanel. Wannan ma na cikin dalilan da na tsaya a PHP ban koma create-next-app ba, takwaransa na ɓangaren JavaScript, don kusan kowane hostin mai araha yana ɗaukar PHP. Sai dai Laravel yana so foldar public kaɗai duniya ta gani, hostin kuwa foldarsa ta public_html ya sani. Wanda ya zuba komai cikin public_html ba tare da kula ba zai iya barin .env a fili, kuma a nan duk sirrin aikin yake. Na ajiye aikin a waje da public_html na nuna masa hanya. Da na buɗe shafin sai ga shi tsirara, ba launi ba tsari. Na yi ta nema har tsakar dare, ashe wani ɗan fayil ne mai suna hot da ya rage a cikin public na kwafo tare da sauran, shi kuwa yana gaya wa shafin ya nemi adonsa a kwamfutata ta gida. Na goge shi, na tabbatar foldar build ta hau, komai ya dawo. Kamfanin hostin ɗin kuma sai da na bi su kwana biyu kafin su ɗaga mini PHP zuwa 8.2. A can na mayar da rumbun MySQL, layuka kaɗan ne a .env sai php artisan migrate, na kuma mayar da APP_DEBUG zuwa false, don in ka bar shi a kunne duk kuskuren da ya faru zai baje cikin aikinka ga duk wanda ya buɗe.

Abin da nake tsoro game da umarnin nan ba a kaina ba ne, a kan masu tasowa ne. Ɗalibai na zuwa shagona lokacin aikin kammala karatu, sun buga laravel new, sun ga shafin shiga yana aiki, sun ɗauka sun iya. Ka ce su nuna maka inda ake duba kalmar sirri sai a yi tsit. Don haka ɗalibata ban bar ta ta taɓa kunshin farawa ba sai da ta zaɓi "babu komai" a tambayar farko, ta gina shafin shiga da hannunta, ta yi sati biyu a kai, ta ga abin da ake nufi da zaman mai amfani, wato yadda shafi ke tuna wanda ya shiga, da kuma alamar kariyar fom. Ranar da na ce ta sake da Livewire, ta buɗe fayil ɗin shiga tana karantawa, sai na ji ta ce, "Au, ashe har ƙidaya yake yi, in mutum ya yi kuskure sau biyar ya dakatar da shi. Ni ban sa wannan a nawa ba." Daga nan na san ta fara karanta abin da aka ba ta.

Tun bayan na Alhaji na zuba fandishon aiki huɗu da shi, biyu na makarantun Islamiyya a Tudun Wada da Gyallesu, ɗaya na mai ɗinki, ɗaya na wata ƙungiyar adashe. Yanzu ina da 'yar takarda manne a bangon shago, agogo, lambar waya, ha.json, gurbin nema, kuma kafin in rubuta layi ɗaya na aikin kwastoma sai na bi ta. Shagon taki kuwa ya ga kaka ɗaya da manhajar. Alhaji bai yar da littattafansa ba, ya ce a ci gaba da rubutawa a duka biyun har shekara ta zagayo, na kuma goyi bayansa. Satin da ya wuce ya kira ni bayan magariba ya ce yana so a ƙara wurin da zai nuna masa jimillar abin da yake bin kowane ƙauye, don yana shirin tura yaro Soba ranar kasuwa.